Darasi na Tara: Su a Kogin Yedzeram

Ɗalibi, ka san kogin Yedzeram da ya ratsa Mubi? Daga duwatsun Mandara yake tasowa, ya nufi arewa wajen Tafkin Chadi. A shekarar 2015, rikici ya raba masunta da yawa da Baga, garin da ke bakin tafkin. Wanda ya saba da kwalekwale da taru, in ya sauka a Mubi, dole ya koyi fatsa, domin kogin kan janye da rani. Zai soka tana a ƙugiya, ya jefa, ya jira tarwaɗa ko karfasa. Yana jira yana kewar gida, domin ruwan da ke gabansa can wajensu ya nufa.

Aiki: Yi jimloli uku da kalmomin nan: fatsa, taru, kewa.