NAZARI: Masu Tara Faifai da Kaset-kaset, Da Me Suke Cin Abinci?

A nazarinmu na wannan mako za mu duba wani fanni na ciniki wanda ba kasafai masu lissafin tattalin arziki suke sa shi a ma'auni ba, wato harkar faifan garmaho da kaset-kaset na waƙoƙi, da kuma mutanen da suka ɗauki tara su a matsayin abin sha'awa. Tambayar da ɗan kasuwa zai fara yi ita ce, mutumin da ya cika ɗaki da waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo da Haruna Uji, da me yake ciyar da iyalinsa? Daga nan sai ta biyu ta biyo baya: abin da ya tara ɗin nan jari ne, ko kuwa kaya ne suka yi masa kwantai bai sani ba?

Mun ɗauki unguwar Hausari ta birnin Maiduguri a matsayin wurin da za mu tsaya mu duba. Sunan kansa ya nuna asalinta, domin ɗafin "ri" a harshen Kanuri yana nuni ne ga mazauni, kamar yadda ake da Shehuri da Fulatari. Hausari ke nan, mazaunin Hausawa fatake da masu sana'ar hannu, kuma tana kusa da Kasuwar Monday, babbar kasuwar garin. Maiduguri ta bambanta da Kano ko Zariya ta fuskar abin da kunne yake so. Ban da waƙoƙin Hausa da na finafinan Indiya, akwai kiɗan Kanuri da na Larabawan Shuwa, sannan akwai waƙoƙin Sudan irin na marigayi Muhammad Wardi, waɗanda suke da masoya a duk faɗin yankin tafkin Chadi. Hanyar Gamboru-Ngala da ake bi da kaya zuwa Kusuri da Injamena, ita ce kuma waƙa take bi ta shigo. Saboda haka mai sayar da kaset a garin nan yana da masu saye iri-iri, kowa da yarensa.

Amsar tambaya ta farko a taƙaice take. Akasarin masu tara waƙoƙi ba da waƙa suke cin abinci ba. Tela ne da rikodarsa take ajiye a gefen keke, ko direban babbar mota mai dogon zango, ko mai gyaran rediyo, ko malamin makaranta, ko ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya. Sana'ar ce take ciyar da sha'awar. Ko a cikin waɗanda suka yi suna wajen adana waƙoƙin Hausa haka abin yake. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, wanda ya daɗe yana tattara waƙoƙin baka yana rubuta su, ya yi aikin koyarwa a Jami'ar Bayero ta Kano. Ibrahim Sheme, wanda ya jagoranci rubuta littafin tarihin Shata da ya fito a 2006, ɗan jarida ne.

Rukuni na biyu su ne waɗanda sha'awar ta kai su ga buɗe rumfa, kuma a kansu ya kamata mu ɗan daɗe, domin sau uku kasuwa tana sauya musu kaya a hannu cikin shekaru kamar arba'in.

A zamanin faifan garmaho, harkar tana hannun manyan kamfanonin Turawa ne da suke Legas, wato EMI da Decca da Philips, wanda daga baya ya koma Polygram. Su suke da ɗakin ɗaukar murya, su suke da injin buga faifai, kuma kamfanin EMI ya buga faifan Alhaji Mamman Shata. Ɗan kasuwar Arewa a lokacin wakili ne kawai, ya saro ya sayar, ribarsa ita ce ɗan abin da ke tsakanin farashin sari da na sayarwa. Ba shi da ikon ƙara ko kwafi ɗaya.

Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, shi ya rushe wannan tsari. Da kuɗin man fetur ya wadata a shekarun 1970, rikoda ta shiga gidaje da shaguna, kuma duk wanda yake da rikoda mai baki biyu da katon na kaset wanda ba a ɗauki komai a kai ba, ya zama ƙaramin kamfani. Daga baya shirin gyaran tattalin arziki na SAP, wanda aka soma a 1986, ya karya darajar Naira, kayan buga faifai da ake shigowa da su daga waje suka yi tsada. Wajen ƙarshen shekarun 1980 manyan kamfanonin suka janye hannunsu, EMI ya koma Ivory Music, Polygram ya koma Premier a hannun 'yan ƙasa. A Arewa kuwa, kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ta zama cibiyar kwafa da rarraba kaset, inda 'yan kasuwa daga garuruwa masu nisa suke zuwa sari, sau da yawa bisa amana, a ɗauki kaya sai an sayar a kawo kuɗi. Masanin nan Brian Larkin ya yi bayanin wannan tsari a littafinsa na 2008. Wata dabara da ya kamata a lura da ita ita ce wadda masu shirya finafinan Hausa suka bi a shekarun 1990. Da suka ga ba za su iya hana kwafa ba, sai suka riƙa buga kwalin kaset da kansu suna ba dillalai, dillali ya kwafa, amma ya biya bisa adadin kwalin da aka sayar. Wato sun mayar da lissafinsu kan abin da suke iya ƙirgawa.

Faifan CD bai daɗe yana cin kasuwa ba sai wayar salula, wadda ta shigo Nijeriya a 2001, ta zo da memori. Sana'ar ta koma ta matasa masu kwamfuta da suke tura waƙoƙi a waya a kan ɗan kuɗi kaɗan. Wannan ciniki ba ya buƙatar sito, ba ya buƙatar zuwa Kano sari, kuma ba ya dogara da layin waya. Alal misali, lokacin da aka katse layukan salula a Jihar Borno a watan Mayu na 2013 saboda dokar ta-ɓaci, wayar da ke hannun mutane ba ta kira, amma tana kunna abin da ke cikin memori. Sai dai yanzu wannan sana'a ma tana fuskantar gasa daga YouTube da Audiomack da TikTok, inda mai sauraro yake samun waƙa ba tare da ya taka zuwa rumfar kowa ba.

Abin da za a koya a nan shi ne, a duk lokacin da kasuwa ta sauya, wanda ya fi yin asara shi ne mai kaya jibge a sito. Kaset dubu na waƙa guda ba su da mai saye a yau. Amma kaset ɗaya tak mai tsabtar murya, na waƙar da ba a samunta a ko'ina, wannan wani abu ne daban, kuma shi ya kawo mu ga rukuni na uku.

Faifan garmaho ya dawo kasuwa a ƙasashen Turai da Amurka. A 2022 an sayar da faifai kimanin miliyan 41 a Amurka, CD kuwa miliyan 33, wanda shi ne karo na farko tun 1987 da garmaho ya wuce CD. A cikin wannan kasuwa akwai ƙananan kamfanoni da aikinsu shi ne farauto tsofaffin waƙoƙin Afirka su sake buga su, kuma da yawa daga cikinsu masu tara faifai ne suka kafa su. Samy Ben Redjeb, mai kamfanin Analog Africa da ke Jamus, ma'aikacin jirgin sama ne a kamfanin Lufthansa a da, aikin da ya ba shi damar sauka biranen Afirka yana bin rumfuna. Brian Shimkovitz ya soma ne da tara kaset-kaset, sannan ya buɗe kamfanin Awesome Tapes From Africa a 2011, inda ake raba riba rabi da rabi tsakaninsa da mawaƙi. Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds ya tattara waƙoƙi ne daga memorin wayoyi a arewacin Mali ya buga su a faifai, kuma a 2013 ya fito da faifan waƙoƙin finafinan Hausa mai suna Harafin So. A shekarar nan ce kuma ya sake buga kiɗan Mamman Sani na Jamhuriyar Nijar, wanda aka ɗauka tun 1978, bayan ya ci karo da kaset ɗin a ma'adanar gidan tarihi na Yamai. Daga nan Mamman Sani, wanda ya yi aikin koyarwa, ya samu gayyatar zuwa wasa a Turai. A gida Nijeriya, shagon Jazzhole da ke titin Awolowo a Ikoyi ta Legas ya rayu tun farkon shekarun 1990 da haɗa sayar da faifai da littattafai a wuri ɗaya.

Kada mai karatu ya ɗauka duk wani tsohon faifai zinariya ne. Masu sayen nan sun fi neman kiɗan zamani na shekarun 1970, irin na Legas da Kwatano da Akara, mai jita da ganguna da ƙaho. Kiɗan kalangu da kukuma da kotso, wanda armashinsa yana cikin maganar da mawaƙi yake yi, masoyansa na gaskiya masu jin Hausa ne. A ganinmu kasuwarsa tana gida: gidajen rediyo, sassan nazarin Hausa na jami'o'i, iyalan sarakuna da attajiran da aka yi wa waƙa, da kuma miliyoyin masu saurare ta intanet daga Agadas zuwa Kumasi da Khartum.

To, amma akwai maganar doka, wadda yawancin masu rumfa ba su taɓa damuwa da ita ba. Mallakar kaset daban, mallakar waƙa daban. Dokar haƙƙin mallaka ta 1988, wadda ta kafa hukumar kula da haƙƙin mallaka ta ƙasa, da sabuwar dokar 2022 da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, sun tanadi cewa haƙƙin waƙa yana nan har shekaru 70 bayan rasuwar mai ita, haƙƙin muryar da aka ɗauka kuwa shekaru 50 ne. Shata ya rasu a 1999, wato haƙƙin waƙoƙinsa yana hannun magadansa har ƙarshen 2069. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Ɗanmaraya Jos a 2015, kowa sai a yi masa nasa lissafin. Saboda haka mai tarin kaset yana da ikon sayar da kaset ɗinsa ga wanda ya so, amma ba shi da ikon buga waƙar ko sanya ta a intanet don neman kuɗi sai da yardar magada, da ta kamfanin da ya ɗauka idan akwai. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a rubuta yarjejeniya, a ambaci sunan kowace waƙa, da tsawon lokacin izni, da kason kowa cikin 100, da lokacin da za a riƙa yin lissafi. Shi mai ajiya abin da yake kawowa teburin ciniki shi ne kwafi mai kyau da sanin tarihin waƙa, wato wa ya yi ta, wa aka yi wa, a ina, a wace shekara. Wannan sani yana da farashi, kuma dillalin da ya zo sayen katon a dunƙule ba zai tuna masa da hakan ba.

Saura batun ajiya, wanda a Maiduguri ba abin wasa ba ne. Zafin watannin Afrilu da Mayu yana wuce ma'auni 40, kuma faifan roba yana lanƙwashewa idan aka jibge shi a kwance ƙarƙashin kwano. A tsaye ake jera shi, cikin inuwa. Tsohon faifai mai gudun 78 kuwa fashewa yake yi kamar tangaran. Zaren kaset yana mannewa, ƙurar hunturu tana cin kan rikoda, kuma masu gyaran da suka san aikin suna ta raguwa. A watan Fabrairu na 2023 gobara ta cinye Kasuwar Monday. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ambaliya ta mamaye sassan garin da dama har da ita kasuwar. Mai atamfa da ya yi asara yana iya komawa Kantin Kwari ya sake sari idan ya samu jari, amma kaset ɗin da aka ɗauka a gidan biki shekaru arba'in da suka wuce ba shi da wurin sari.

Kuɗin da ake buƙata don kauce wa wannan asara bai kai na hayar rumfa ba: rikoda mai lafiya, waya mai haɗa ta da kwamfuta, da ma'ajiya guda biyu, ɗaya a gida ɗaya a wani gari. A haɗa da littafi mai layi inda za a rubuta lambar kowane kaset, sunan mawaƙi, sunan waƙa da inda aka samo shi, a kuma ajiye kwalin asali ko da ya tsufa, domin mai saye na gaske yana duba shi kafin ya yi tayi.