Tsabar da Ake Watsa wa Kaza

Ɗiyata,

Innarki ta nuna mini saƙon da aka turo miki a WhatsApp, wanda aka ce za ki riƙa samun jaka goma a yini kina zaune a ɗakinki, aikin kuma bai wuce kallon bidiyo, ki danna masa alamar so, ki tura hoton shaida ba. Ta ce har an biya ki jaka biyu. Na yarda an biya ki, kuma wannan biyan ne ya hana ni barci.

Ban ga laifinki ba. Kin yi karatu har kin samu BAC, ga yara, ga maigidanki da harkarsa ta yi sanyi tun da aka rufe iyakar Illela bayan juyin mulkin Yulin 2023. Macen da ke neman abin rufin asirin gidanta ba tare da ta bar shi ba, sai a sa mata albarka. Masu saƙon nan sun san irin halin da kuke ciki, shi ya sa suka zo da maganar aiki.

Ga yadda abin ke tafiya. Za a mai da ke wani zaure a Telegram, cike da mutane masu godiya suna nuna rasit, galibinsu kuwa yaran masu saƙon ne. Sai a ce akwai babban aiki: ki zuba jaka biyar, a dawo miki da bakwai. Za a dawo da su kuwa. Sannan a ce hamsin. Ki ga lissafi yana hawa a fuskar waya, ranki ya yi fari. Ranar da kika ce a ba ki kuɗinki, sai a ce kin yi kuskure a aiki na uku, ko sai kin biya haraji kafin a buɗe asusun. A nan ne mata ke sayar da tunkiya da ɗan kunne, suna bin abin da ya riga ya tafi. Jaka biyun nan tsaba ce, irin wadda kike watsa wa kaza in za ki kama ta.

Mu da muke juya naira da sefa mun ga iyayen wannan abu. MMM ta daskarar da kuɗin mutane a Najeriya a Disamban 2016, CBEX ta ruguje a Afrilun 2025. Dukansu sun fara ne da biya a kan lokaci.

Shekara talatin ina harkar albasa tsakanin Galmi da Ƙonni. Ban taɓa ganin ɗan dakon da ya biya ni kafin ya ɗauki buhuna ba, ni ke biyansa in ya sauke. Mai neman aiki a masana'antar siminti ta Malbaza ya san ƙofar da zai tsaya, ya san wanda zai gaisar. Ki tambayi mutanen nan ina ofishinsu yake, wa ke da shi, ki ce a yi magana fuska da fuska ta bidiyo. Za ki ji sun ce lokaci na ƙurewa, gurbi biyu ya rage. Cinikin biri a sama ke nan.

Akwai abin da ya fi asarar kuɗi tsorata ni. Wani zai ce aikinki kawai a turo kuɗi ta layinki, ki cire ladarki, ki wuce da sauran ta Nita ko Amana. Kuɗin sata ne, kuma in bincike ya tashi sunanki za a tarar, don layin da katinki aka yanke shi. Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019. A Disamban 2024 hukumar EFCC ta kama mutum 792 a bene guda a Legas, da yawansu samari ne da aka ɗauka aiki aka ba su kwamfuta suna yaudarar mutanen waje. Saboda haka hoton katin shaidarki, lambar sirrin asusunki, da lambobi shidan nan da WhatsApp ke turowa, kada su fita daga hannunki, ko da muryar ƙawarki kika ji tana roƙo.

Aikin gida na gaskiya akwai shi. Kin iya Faransanci da Hausa, ana neman masu fassara da masu buga takardu, sai dai su gwada ki suke yi tukuna, ladan ma ba ya zuwa da gudu. Ɗinkin nan naki kuma, da za ki riƙa sa hotonsa a waya, matan unguwa da suka san ƙofar gidanki za su zo da atamfarsu.

Ki fita daga zauren nan yau, kada ki gayyato kowa ko an yi miki alkawarin kaso, don ƙawar da kika jawo ke za ta riƙe in abin ya fashe. In kuwa kin riga kin tura wani abu, kada kunya ta sa ki yi shiru, kuma kada ki goge saƙonnin. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zan biyo ta gidanku, ki ajiye mini wayar da caji, mu duba tare, in ta kama mu je wurin ƴan sanda ni da maigidanki.

Kawunki.