Filin Shawara: Maƙwabciyata ta roƙe ni akwatin tokar mijinta

Ni kafinta ne, shekara tara ke nan ina zaune a Chicago ta Amurka. Makon jiya maƙwabcina ya rasu, wani dattijon Bature da ya ba ni aron garejinsa na fara sana'a lokacin da ban san kowa ba. Ya bar wasiyya a ƙona gawarsa. Matarsa ta zo tana hawaye, ta ce ba ta son akwatin kanti, tana son wanda na yi da hannuna ta zuba tokarsa. Nauyinsa laba 190 ne. Ban taɓa irin wannan aiki ba, ban san girman da zan yi ba, zuciyata kuma ba ta kwanta ba. Yaya zan yi?

Ƙaninki, daga Chicago

Na ji nauyin da ke zuciyarka, kuma ban ga laifinka ba. Mu dai wanka da likkafani da kabari muka sani, Musulunci kuwa ya hana ƙona gawa. Amma inda kake zaune, fiye da rabin waɗanda ke mutuwa ƙona su ake yi. Batun halascin yin akwatin ko rashinsa, ka kai wa limamin masallacinku yau ɗin nan, ka gaya masa komai: ba kai ka yanke shawarar ba, ba kuma kai za ka ƙona ba. In ya hana ka, ka je da ƙafarka ka yi wa matar bayani cikin ladabi, ka haɗa ta da wani kafinta. Kada ka bar ta tana jira shiru, domin haƙƙin maƙwabtaka bai tsaya kan Musulmi kaɗai ba.

In ka ɗauki aikin, ga yadda ake awo. Abin da ake kira toka ƙashi ne da aka niƙa bayan wuta ta cinye tsoka da kitse. Na babban mutum yakan kai kilo 2 zuwa 3, kuma dogo mai manyan ƙasusuwa yakan fi gajere mai ƙiba yawan toka. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi a Amurka ita ce kowace laba ɗaya ta nauyin mutum a ba ta kubik inci ɗaya, wato gurbin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk inci ɗaya ne. Marigayin ke nan yana bukatar 190, abin da ya ɗan haura lita 3. Shi ya sa akwatunan manya na kanti galibi 200 ne.

Kada ka tsaya a kan 190 daidai. Ana kawo tokar cikin leda mai kauri a ɗaure, leda kuwa ba ta cika kusurwa. Wataƙila kuma matar ta so saka zobensa ko wata 'yar wasiƙa. Ka yi cikin akwatin tsawo inci 8, faɗi 6, zurfi 5. In ka ninka su za ka sami 240. Ka lura, awon ciki nake nufi. In kaurin katakonka kashi uku cikin huɗu na inci ne, waje zai zama 9.5 da 7.5 da 6.5. Nan kafintoci da yawa ke tuntuɓe: su auna waje, kaurin katako ya cinye musu gurbi.

Kafin ka sa zarto, ka tambaye ta ina akwatin zai zauna. In a gida ne, ba matsala. In a 'yar tagar bangon maƙabarta za a ajiye shi, a karɓo maka awon tagar, don girmansu ya bambanta. Ka kuma tambaya ko ledar kaɗai za a saka, ko har da robar da gidan ƙonawa ke bayarwa. In har da robar ne, awonta za ka bi.

Ka nemi busasshen katako, domin ɗanye yana tsagewa in sanyi ya shigo aka kunna na'urar ɗumama ɗaki. Ka yi murfin a gindi, ka ɗaure shi da ƙusoshi masu murɗawa maimakon gam, yadda za a iya buɗewa, kuma ko ya faɗi ba zai zubar ba. In ka gama, ka auna shinkafa lita uku da rabi a leda, ka ɗaure, ka saka, ka rufe. In murfi ya zauna ba tare da dannawa ba, aiki ya yi. Gara ka gano kuskure da shinkafa a garejinka da a ce matar nan ta tsaya da ragowar mijinta a hannu akwati ya ƙi rufuwa.

Shawarata ta ƙarshe, kada ka karɓi ko sisinta. Mutumin da ya buɗe maka ƙofar garejinsa kana baƙo ya riga ya biya. Allah Ya ba ta haƙuri, mu kuma Ya sa mu cika da imani.

Antinku