Wace Rigar Ruwa Ce Ta Dace da Mace?

Tambaya: Malama, da damina nakan tsallaka gulbi a jirgin kwale-kwale zuwa gona. Wace rigar ruwa zan saya? Daga wata 'yar'uwa a Bunguɗu.

Amsa: 'Yar'uwa, kin yi dabara. Gulbin Sakkwato da ya ratsa Gusau da Bunguɗu ba abin wasa ba ne in ya kawo, kuma ba mu manta da jirgin manoman da ya kife a Gummi a watan Satumban 2024 ba.

Ki nemi mai soso a ciki, kada ki sayi wadda ake hura wa iska, don ƙaya ɗaya na iya gamawa da ita. Ki duba lambar da ke jikinta. Mai 50 ta waɗanda suka iya iyo ce, ki bar musu. Ki ɗauki mai 100, in da hali mai 150, wadda aka yi don ta juyo da fuskar mutum sama ko da ya suma.

Girma ne inda mata suka fi shan wahala, domin yawancin rigunan kasuwa ɗinkin maza ne. Ki auna kewayen ƙirjinki, ki saka rigar, ki ɗaure maɗauran tam, sannan wata ta ja kafaɗun sama. In ta haura haɓarki, ta yi miki yawa. A kan hijabi za ki ɗora ta, kuma gajere ya fi, tun da dogo kan naɗe ƙafa a ruwa.

Goyo kuwa, a sauke shi kafin a shiga jirgi. Yaro sai da tasa rigar, daidai nauyinsa.