Kifin Roba da Fatsar Bazara

Tambaya: Malam, yayana ya kawo mini wani kifin roba mai ƙugiyoyi, cikinsa na kacau-kacau. Na yi ta jefa shi a kanal ɗin Kadawa, ko karfasa ban kama ba. Ina matsalar take? Manomi daga Bunkure.

Amsa: Ɗan'uwa, kayanka lafiya lau suke. An ƙera wannan koto ne domin kifaye masu farautar 'yan'uwansu, irin su giwan ruwa da tsage. Karfasa kuwa tana ta fi dacewa da ita.

Nufi ruwa mai zurfi, kamar madatsar Tiga, ka tambayi masuntan wurin inda manyan kifi ke kiwo. A zafin bazara, fita da asuba ko dab da magariba. In ka jefa, bari ya nutse tukuna, sannan ka jawo, kana ɗan fizga kana sakewa. Sau da yawa lokacin da yake komawa ƙasa ne kifi ke cafke shi.

Ɗaura guntuwar waya kafin koton, domin haƙoran tsage na yanke zare. Ka guji kachala, za ta riƙe ƙugiyoyin. In koton ya maƙale, don Allah kada ka shiga kanal ciro shi idan an saki ruwa.