Darasin lafiya: Magungunan da aka yarda da su jiya, aka hana su yau

Magani yana warkarwa, amma akwai wanda ya yi kisa. A wannan darasi za mu duba magunguna 3 da mutane suka taɓa saye da kuɗinsu, suna neman lafiya, suka samu ciwo da mutuwa. Abin ya faru a Turai da Amurka. Masu magana sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Garin haƙora mai zaiba

A Ingila da Ostiraliya da Amurka, iyaye mata sun daɗe suna ba jarirai wani farin gari lokacin fitar haƙora. A cikin garin akwai zaiba, wadda guba ce. Yara da yawa suka kamu da wani ciwo da ba a san kansa ba. Tafin hannu da na ƙafa su yi ja, fata ta riƙa saɓulewa. Yaro ya yi ta zufa da kuka, ba ya barci, ba ya son haske. Da uwa ta ga kukan ya ƙaru, sai ta ƙara masa garin, ciwon kuwa ya ƙara tsanani. Wasu yaran suka mutu.

A shekarar 1948 likitoci a Amurka suka gano zaiba a cikin fitsarin yaran. A 1954 aka daina sa ta cikin garin haƙora a Ingila. Bayan haka ciwon ya kusa ɓacewa sarai.

Ruwan magani mai zaƙi

A shekarar 1937 wani kamfani a Amurka ya so ya mai da wani ƙwayar magani ruwa, don yara su sha da sauƙi. Suka narka shi cikin wani ruwa mai zaƙi da ake kira dayatilin gilaikol. Suka duba launi da ƙanshi da ɗanɗano, amma ba su gwada ko zai cutar ba. Ashe ruwan yana lalata ƙoda. Wanda ya sha sai amai, sai fitsari ya ɗauke. Mutane fiye da 100 suka mutu, da yawansu yara ne. A 1938 Amurka ta kafa doka: kada a sayar da sabon magani sai an nuna ba ya cutarwa.

Wannan guba ta iso kusa da mu. A 1990 ta kashe yara fiye da 100 a Najeriya cikin ruwan maganin zazzaɓi. A 2022 yara kusan 70 suka mutu a Gambiya bayan shan ruwan maganin tari da mura da ya gurɓace da ita.

Ƙwayar masu ciki

Wannan ita ce ta fi girgiza duniya. A shekarar 1957 aka fara sayar da ƙwayar talidomid a Jamus ta Yamma. Aka ce tana sa barci, tana tsai da amai na laulayi, kuma ba ta da lahani. Ana saye ba tare da takardar likita ba. Ta yaɗu cikin ƙasashe fiye da 40.

Ba da daɗewa ba aka fara haihuwar jarirai da guntayen hannuwa da ƙafafu. Wasu ba kunnuwa, wasu da ciwon zuciya. Sau da yawa uwar da ta sha ba ta jin wani ciwo a jikinta. Ɗan da ke ciki shi ke cutuwa, tun cikin sati na 3 zuwa na 5 da shigar ciki, lokacin da gaɓoɓinsa suke tsirowa. A wannan lokaci mace da yawa ba ta ma tabbatar tana da ciki ba. Ƙwaya guda ta isa ta yi ɓarna.

A 1961 likita Lenz a Jamus da likita McBride a Ostiraliya suka nuna ƙwayar ce sanadi, aka fara janye ta daga kasuwa. Gaba ɗaya an haifi jarirai fiye da 10,000 da naƙasa. A Amurka wata likita, Frances Kelsey, ta ƙi ba da izinin sayar da ita, ta ce shaidar ba ta isa ba. Taurin kanta ya tsirar da yara masu yawa. Yau ana amfani da talidomid kan wani ciwo na kuturta da wata sankarar ɓargo, ƙarƙashin tsaro mai tsanani, kuma an hana ta ga mai ciki.

Abin da za mu riƙe

Waɗanda suka sha magungunan nan ba wawaye ba ne. Sun ga kwali mai kyau, sun ji ana yabo, suka yarda. Mu ma haka muke yi in mai talla ya zo da tire ranar kasuwa. Saboda haka:

1. Mace mai ciki, ko mai zaton ciki, kada ta sha ƙwaya ko jiƙo sai ta tambayi likita ko ungozomar asibiti. Ta fara zuwa awo da wuri.

2. Fitar haƙora ba ciwo ba ne. In yaro yana zawo ko zazzaɓi, mu kai shi asibiti, kada mu ce haƙora ne.

3. Mu sayi magani a farmasi ko asibiti, cikin kwalinsa, mu karanta ranar lalacewarsa.

4. In yaro ya sha magani, fitsarinsa ya ragu ko ya ɗauke, mu kai shi asibiti nan da nan, tare da kwalbar.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

Me ya sa kukan yaran Ingila yake ƙaruwa bayan an ba su garin? Wane lokaci na ciki ne ya fi haɗari? A garinmu, ina mutane suke sayen magani, kuma wa yake duba shi?