DARASI: GYATSAR SA DA KUƊIN DUSA

Darasinmu na wannan karo a kan tumbi ne, domin a nan ribarmu take ƙulluwa ko ta tsiyaye.

Allah cikin ikonsa ya zuba wasu ƙananan halittu a tumbin sa, waɗanda ido ba ya gani. Su ne ke narka kara da ciyawa. Cikin wannan aiki sai wata iska ta taso, ana ce mata metan, kuma mafi yawanta ta baki take fita, wajen gyatsa. Masana sun auna cewa kashi 2 zuwa 12 cikin 100 na ƙarfin abincin da sa ya ci yana bin iskar nan. Ke nan cikin buhun dusar da muka saya a Maraɗi ko Damagaram, akwai tiyoyin da ba za su taɓa zama nama ba. Ita kuma iskar tana ƙara zafin duniya, shi ya sa a taron Glasgow na 2021 ƙasashe sama da 100 suka yi alkawarin rage ta da kashi 30 cikin 100 kafin 2030.

To mene ne abin yi? Busasshen kara shi kaɗai yakan daɗe a tumbi, sa ya yi ta tuƙa, jiki bai ƙaru ba. In aka haɗa da harawar wake ko ta gyaɗa, da ƴaƴan gawo, abinci zai narke da sauri. A daka ƴaƴan gawon tukuna, in ba haka ba ƙwayar sai ta fita a kashi yadda ta shiga.

Na biyu, bagaruwa. Ɗacin nan nata da majema ke jeme fata da shi yana rage iskar. Amma fa kaɗan ake sawa, a fara da tafi guda a garwaye da dusa. In ta yi yawa, sa zai ƙi ci, abin da ya ci ma ba zai amfane shi ba.

Na uku, gurya. Man da ke cikinta yana rage iskar, yana sa ƙiba. San da ya kai kilo 300, kada a wuce masa kilo 1 da rabi a yini. Ɗan maraƙi kuwa kada a ba shi sam, tana da dafin da tumbinsa bai isa ya kashe ba.

A Ostireliya da Amurka an gwada wata jar ciyawar teku, ta rage iskar fiye da kashi 80 cikin 100. Mu dai gawo da harawa ne a ƙofarmu.

Duk sabon abinci a shigar da shi sannu sannu, cikin mako 2, da ruwa wadatacce. Wanda ya ga cikin sansa ya kumbura, ya nemi likitan bisashe nan take. Amana ce a hannunmu, kuma san da ya cika cikin wata 3 ya fi na wata 6 barin riba.

Allah ya sa albarka a turke. Wassalam.